Kwana Uku a Bakin Kududdufi

Yayana ne ya kira ni, ɗan wan mahaifina. Ya ce ya gama rufin sabon gidansa a ƙauye, saura masai, kuma irin na birni yake so, wanda ake dannawa ruwa ya tafi da komai. Shekara 22 ke nan ina aikin famfo a Kaduna, na sha jin wannan maganar daga bakin masu gida, cewa ruwa zai tafi da komai. Ba a cika tambayata inda zai tafi ba.

Bayan sallar asuba na bar Tudun Wada da jakar kayan aikina. A tashar Kawo ba mu daɗe ba mota ta cika, muka wuce Rigachikun da Maraban Jos da Jaji, kafin hantsi muna Zariya. Na tsaya Sabon Gari na sayi bututu da gam da kan masai, aka ɗaure mini su a saman wata motar da ke bin hanyar Soba. Ƙarshen damina ne. Da muka zo gadar Galma wajen Dakace, kogin na cike, ruwansa ja wur, 'yan lambu sun zuba ido ya ja baya su shiga fadama. Daga nan har Maigana masara ce ta bushe a tsaye, dawa ta fitar da kai, ga rake kore shar a kwari. A Maigana na sauka, ɗan acaɓa ya ɗaura bututun a gefe, muka bar kwalta muka shiga burji.

Rabona da garin shekara 6. Abin da ya fara tarar idona tankin ruwa ne baƙi a kan doguwar hasumiyar ƙarfe, da farantan sola a gefensa. Na yi murna ƙwarai. Na san lokacin da matan garin nan ke sammako zuwa rafi a watan bazara, na san yadda igiyar guga ke cin tafin hannun yara. Yanzu ga kan famfo 6 a jere, yara na ta layi da jarkoki suna dariya.

Sai dai da na sauka daga babur, takalmina ya nutse. Daga gindin famfon wata baƙar laka ta miƙe ta bi lungu, agwagi na caccaka a ciki. Kowane gida na wuce, rariyarsa na tsiyaya: ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, ruwan da aka wanke wa jariri jiki. A da, mace ta ɗebo tulu biyu daga rafi, da su za ta yi girki da wanka da wanki, ɗan abin da ya saura ƙasa ta shanye. Yanzu ruwa ya wadata, ƙasa ta ƙoshi, ta daina sha. An kawo wa gari ruwa, ba a yi masa hanyar fita ba.

Bayan gaisuwa da fura, Yaya ya ja ni bayan ɗaki ya nuna mini ramin da ya sa aka haƙa na sokawe. Na leƙa, sai ga ruwa kwance a ciki, zurfin ramin bai fi tsayin mutum ba. Na tambaya ko ruwan sama ne, ya ce kwana 9 rabonsu da ruwa. Ke nan ruwan ƙasa ne ya taso. Na waiwaya, ga rijiyar gidan, da guga a rataye. Na zaro tef na auna daga bakin rami zuwa bakin rijiya: mita 7.

"Yaya, ba zan haɗa masai da ramin nan ba."

Ya dube ni kamar bai ji ba. "To me ya kawo ka?"

Na zauna a kan bulo na yi masa bayani yadda nake yi wa yaran shagona. Abin da muke kira sokawe a dunƙule abu biyu ne. Na farko tanki ne na siminti mai ɗaki biyu, wanda bai kamata ya yi yoyo ba ko kaɗan. Ƙazanta ta shiga, mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba sa buƙatar iska, su yi ta cin abin da ya kwanta suna rage shi. Ruwan tsakiya ne ke tsallakawa ɗaki na biyu, daga nan ya fita zuwa rami na biyu, ainihin sokawen, inda zai tsiyaya cikin ƙasa. To wannan ruwan da ya fito, ko ya yi haske, cike yake da cuta. Tanki ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin, busasshiyar ƙasa mai iska a cikinta, ita ke tacewa a hankali. Shi ya sa ake so gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 zuwa 2 sama da ruwan ƙasa, tsakaninsa da rijiya kuma mita 30, sannan ramin ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A gidan Yaya babu busasshiyar ƙasar ma sam. Duk abin da aka danna da safe, hanyarsa ɗaya da ruwan da guga zai jawo.

Ya ce ai yanzu ruwan famfo suke sha. Matarsa ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ɗago kai ba: in hadari ya rufe rana kwana biyu, tanki ba ya cika, rijiya ake komawa. Kuma kullum da ruwan rijiya ake wanke kwanuka.

Ran Yaya ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya biya 'yan haƙa, ya sayi siminti, ya faɗa wa abokai. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ita ce ta ce, "Ka saurari ƙaninka. Ka manta shekarar amai da gudawa?" Daminar 2021 take nufi. A lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, mutum sama da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya a shekarar, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Inna ba ta san wannan lissafi ba. Abin da ta sani shi ne yara biyu na gidan da ke jikin katangarsu, wa da ƙanwa, an fita da su rana ɗaya. Daga nan babu wanda ya sake magana sai da aka kira magariba.

Washegari da sassafe wani dattijo ya yi sallama a zaure. Labarin fulamban da ya ƙi aiki ya zaga gari. Tsohon duba-gari ne, ya yi ritaya ya dawo gida, kowa Baba yake ce masa. Ya ce, "Yaro, zo ka ga inda duk ruwan garin nan ke kwana."

A hanya ya ba ni labarin aikinsu. Yadda suke shiga gida da sallama su buɗe randa su duba ko da tsutsar sauro, su leƙa masai su ga ko da murfi, su bi rariya har inda ta ƙare. Wanda aka samu da ƙazanta a gargaɗe shi, in ya maimaita a kai shi gaba a ci shi tara. Ya ce mata na jin an ce ga duba-gari sai ka ji ƙarar tsintsiya ta ko'ina. Ba tsoron ne yake kewa ba, in ji shi. Abin da yake kewa shi ne a lokacin akwai mutum guda da aikinsa ke nan, wanda in kwata ta toshe an san ƙofar da za a buga.

Kududdufin yana yamma da gari. Kakanninmu ne suka haƙa shi ba da niyya ba, garin ɗibar ƙasar gini. Kowace katanga ta garin daga cikinsa ta fito. Duk lungunan nan masu laka a nan suke zubewa. Ta bakin da ruwan ke shiga baƙi ne ƙirin, yana tsattsafo da kumfa, ga wari, ga leda. Amma da muka zagaya ɗaya gefen, tafiyar da ba ta fi minti 3 ba, sai na ga ruwan ya koma kore, warin ya ragu ƙwarai, har da ƙananan kifaye. Na daɗe a tsaye. Abin da aka koya mana a wani gajeren kwas a cibiyar albarkatun ruwa da ke Mando, abin da na taɓa gani da idona a tafkunan tace ruwan ƙazanta na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, shi ne ke faruwa a gabana, babu injiniya babu zane.

Ga yadda ake yinsa in an tsara. Tafki uku ne a jere, ruwa na gangarawa daga wannan zuwa wancan da kansa. Na farko mai zurfi ne, mita 3 ko 4, aikinsa irin na tankin sokawe: ƙazanta ta kwanta, ta ruɓe a ƙasa. Kwana kaɗan ruwa ke yi a ciki. Na biyu faffaɗa ne, zurfinsa kamar mita 1.5, kuma a nan abin mamakin yake. Wannan koren da muke ƙyama, gansakuka, shi ne ma'aikacin. Rana ta haska shi ya saki iskar oksijin cikin ruwa, ƙananan halittun nan su shaƙa su cinye dattin, abin da suka fitar kuma ya zama abincin gansakukar. Kowa na ci da gumin ɗan'uwansa. Na uku bai fi zurfin mita 1 ba, don rana ta ratsa shi sosai. Da tsakar rana, in gansakuka ta kama aiki gadan-gadan, ruwan kan koma mai kaifi kamar an jiƙa toka, wannan da hasken rana su ke kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayayen tsutsar ciki kuwa nauyinsu ke sa su nutse tun a tafkunan farko. Cikin 'yan makonni ruwan da ya shiga baƙi zai fito ya isa ban-ruwa. Babu inji, babu man dizal, babu wutar lantarki. Kuma gwargwadon zafin gari, gwargwadon saurin aikin. Birnin Nairobi na Kenya da irin waɗannan tafkuna yake tace mafi yawan abin da bututunsa ke kwasowa, a Dandora. A gabashin Kalkata ta Indiya har kifi ake kiwo a ruwan da ya bi ta irin wannan hanya.

Na faɗi wannan ne saboda duk lokacin da aka ambaci tace ruwan ƙazanta, hankalin mutanenmu kan tafi ga babbar ma'aikata irin ta Wupa a Abuja, mai injuna da ke hura iska dare da rana. Wannan ta birni ce, mai buƙatar wuta ba yankewa da ƙwararru da kayan gyara. Ko cikin Kaduna yawancinmu sokawe muke da shi, in ya cika a kira mota. A kawo wa ƙauye inji irin wannan, ranar da wani ƙarfe ya karye aikin ya tsaya ke nan. Abin da ƙauye ke da shi a wadace fili ne da rana, su kuwa tafkunan nan ba sa neman komai sai su.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ban san sunansa a takarda ba, amma zo ka ga nawa." Ya kai ni bayan masallacin Juma'a. A da, ruwan alwala kan taru a nan har ya hana mutane wucewa. Shi kaɗai, da taimakon almajirai, ya haƙa dogon rami marar zurfi, tsawonsa taku 12, ya daɓe gindinsa da yumɓu, ya cika shi da tsakuwa da yashi, ya dasa jema a kai, a ƙarshensa kuma ayaba. Ruwan na shiga ta ƙarƙashin tsakuwa, ba ya fitowa sarari, don haka sauro bai da wurin ƙwai. Na tona da hannu a ƙarshen ramin, ruwan da ya taru garai-garai ne, ba wari. Na ce masa, "Baba, wata Bajamushiya mai nazarin tsirrai, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan a shekarun 1950, yanzu ƙauyuka da yawa a Turai da shi suke tace ruwansu." Saiwar ciyawar ce ke buɗe hanya cikin tsakuwa, ƙananan halittu su maƙale a jikinta da jikin duwatsun suna cin datti. Ya yi murmushi ya ce shi dai ya lura duk inda jema ta yi yawa a fadama, ruwan da ke fita ta ƙasanta ya fi haske. Ayabar nan ta yi nono uku, na ladan ne da almajiran.

Na so a ce da kachalla ya yi, don ita aka fi amfani da ita a wasu ƙasashe, amma ya girgiza kai, kuma gaskiyarsa. Wanda ya san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ba zai kawo ta kusa da fadamarsa da hannunsa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kududdufi lafiya lau yake. Yadda yake a yanzu masifa ce. Ciyawar bakinsa gidan sauro ce da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma na ga yara uku suna wanka a ciki ran nan. Ba shinge, yaro na iya faɗawa. Da damina yakan tumbatsa ya kwashi komai ya kai fadama inda ake shuka latas da kabeji. Tafkin da aka tsara ana daɓe shi don kada ya yoye cikin ruwan ƙasa, ana nisanta shi da gidaje, ana kewaye shi, ana nome bakinsa, bayan 'yan shekaru a kwashe laka daga na farkon. Ruwan da ya fito kuma ba na sha ba ne har abada. Na masara ne da rake da itatuwa. In za a kai shi ga ganyen da ake ci ɗanye, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce 1 a cikin lita guda, kuma ba a gane wannan da ido.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a zaure. Yawancin gidajen garin masai na rami ne, in ya cika a kira masu kwasa, waɗanda a Kano ake wa laƙabi da gidan kowa da akwai. Da dare suke aiki, da bokiti da igiya, babu safar hannu babu takalmi. Na tambayi Baba inda suke zubarwa. Ya nuna gonakin bayan kududdufi da haɓa. Manoma na so, taki ne mai ƙarfi. Amma ɗanye ne, kuma ƙwan tsutsar ciki na iya yin shekaru a ƙasa bai mutu ba. Maganin wannan mai arha ne har abin ya ba ni haushi: rami biyu maimakon ɗaya. A yi amfani da ɗaya, in ya cika a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara 2 abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama baƙar ƙasa marar wari, a kwashe da shebur a kai gona, ba wanda zai shiga rami da dare.

A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, a 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili, a 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cimma hakan. Ina goyon bayan wannan yunƙuri ɗari bisa ɗari. Amma a bakin aikina na ga rabinsa na biyu da ba a cika faɗa ba. An ce wa mutane su haƙa masai, sun haƙa. A ina? Nisan me da rijiya? In ya cika fa? Masai a mita 7 da rijiya bai raba mutum da kashinsa ba, hanya kawai ya sauya masa.

Bayan la'asar Baba ya kai ni gaban mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na zana masa a ƙasa da tsinke: lambatu guda daga gindin famfo ya bi babban lungu, rariyoyin gidaje su zuba a ciki, a raba kududdufin gida uku da bangon ƙasa, a kewaye shi. Aikin gayya na rani ɗaya ne, sai ɗan siminti.

"Wa zai riƙa duba shi?" Abin da ya fara tambaya ke nan, kuma ita ce tambayar.

"Ranka ya daɗe, famfo na da kwamiti, ana karɓar kuɗi a kan kowace jarka. A ware wani abu daga ciki a ɗauki mutum ɗaya. Ruwan da aka sayar shi ne dai ke dawowa ta rariya."

Ya yi shiru yana kallon zanen. Sannan ya ce gefen kududdufin na gabas gadon wasu marayu ne, ba a raba ba tukuna, kuma dole maganar ta je gaban dagaci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma ya hana yara taka zanen, ya sa aka kifa kwando a kai.

A rana ta uku Yaya da kansa ya tashe ni. Ya riƙe bakin tef, na ja, muka bi ta bayan rumbu har kusurwar gidan ta gangare, inda ƙasa ta fi tauri: mita 31. Can muka sa alama, ƙananan ramuka biyu marasa zurfi, za a ɗaga ginin sama da ƙasa kaɗan saboda ruwan damina, da kan masai irin na tsuguno wanda buta ɗaya ke wankewa. Wanda ake dannawa ya haƙura da shi, na ce zan mayar Sabon Gari a musanya. Tsohon ramin kuma yara suka fara cike shi tun ina nan. Inna ta ƙulle mini gyaɗa da kuka a leda, ta ce in gaida iyali.

Ɗan acaɓa na jira Baba ya iso, ya ce in ara masa tef ɗin. Na ce ya riƙe, ina da wani a shago. Muna fita lungu na waiwaya, na gan shi a ƙofar gidan da ke jikin katangar su Inna, ya yi sallama, wani yaro riƙe da bakin tef yana jiran a ce su shigo.